Sheƙar Kurciya a Zauren Alhasan

Nata'ala mai facin taya a Titin Koudoukou, ko akuya ya gani sai ya tsayar da ita ya ba ta labari. To shekarar da rikici ya ci birnin Bangi, kamiyo, babbar motar kaya, ta kwashe matarsa Zaituna da yara zuwa Kamaru, shi ya tsaya gadin gida. Duk layinsu a unguwar Yakite ya rage shi kaɗai. Mai surutu ya rasa mai saurare, ai gara yunwa.

Sai ya samu abokan hira: 'yan kurciya biyu a sheƙa, cikin zauren maƙwabcinsa Alhasan da ya gudu. Kullum ya leƙa ya ce, "Maƙwabta, yaya gari?"

Ran nan da magariba ya shiga da gero a aljihu. Ba sallama. Wa zai yi wa? Zauren sai warin kashin jemage da ruɓaɓɓen katako. 'Yan tsakin ko ƙyas. Ya ɗaga ɗaya, ya ji ƙuraje ƙarƙashin fiffike, kowanne da 'yar ƙofa a tsakiya. Wani farin abu yana leƙowa yana komawa.

Tsutsar ƙuda.

Ya san maganinta, ya sha ganin Zaituna tana yi wa yara in an shanya wankinsu a ƙasa, ƙuda ya zuba ƙwai a kai. Ya zaro gwangwanin man kaɗanyar da yake shafa wa faso, ya toshe ƙofofin. Tsutsa ta rasa iska, ta fito. Ya murje ta da babban yatsa. Ta biyu. Ta uku.

Sai zuuu, ƙasa-ƙasa, daga ɗakin da ke garƙame da kwaɗo.

"Malam." Muryar mace, dab da kunnensa. "Ba ka yi sallama ba."

"Na ɗauka ba kowa, Hajiya."

"'Ya'yana ne."

"Tsuntsayen? Ai magani nake mu..."

"Ba tsuntsayen ba."

Ya dubi yatsansa.

"Mutane sun watse. Ba shanya, ba jarirai. Wa zan ba goyo?" Wani sanyi ya bi damtsensa. "Kai ma ai ka san kaɗaici."

Ayatul Kursiyyu ta maƙale masa a wuya.

Ya zuba da gudu, ƙudaje na marin fuskarsa, takalmi ɗaya, sai masallacin unguwa, wurin Liman.

'Yan kurciya suka warke, suka tashi, ko sai an jima ba su ce ba. Kwana uku, ga ƙuraje uku a damtsen Nata'ala. Liman ya ce, "Shafa mai, su fita."

Bai shafa ba.

Da Liman ya biyo duba shi, ya tarar da shi a ƙofar gida, ya naɗe hannun riga, yana ba damtsensa labarin Zaituna. Liman ya kwaɗa sallama.

Nata'ala ya ɗora yatsa a baki. "A hankali, Malam. Yanzun nan suka yi barci."