Ƙofa Ta Bakwai A Lungun Sheshe

Ranar Talata da yamma, saura kwana biyu ta kare aikinta na shekarar ƙarshe a gaban malaman sashen kwamfuta na jami'a, Bushra ta sauka daga adaidaita a bakin unguwar Sheshe. Rana ta riga ta yi ja.

Aikin nata manhaja ce mai nuna wa baƙo hanya mafi kusa a lungunan cikin gari. Farfesa Maharazu, mai duba aikin, shi ya ba ta tsohon fayil na wani ɗalibinsa, Mikail, wanda ya fara irin wannan aiki shekara tara da suka wuce. An ce sau huɗu Farfesa yana mayar masa da shi. Daga nan Mikail ya daina zuwa makaranta, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bushra ta bi kowane lungu da ke cikin fayil ɗin da ƙafarta, ta auna tsawonsa, ta ƙirga ƙofofinsa tana naɗar muryarta a waya, in ban da guda ɗaya. Mikail ya rubuta a kansa: taku tamanin, ƙofa shida. Ita kuwa duk wanda ta tambaya sai ya nuna mata zagaye ta bayan masallaci. Da ta gaji, sai ta cire lungun daga taswirar.

Cikin minti biyar Farfesa ya gano. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, ba ya kuma yafe kuskure, ɗalibai sun fi tsoron jan bironsa a kan jarrabawa. Ya ce mata kwamfuta ba ta san "an ce" ba. Ko dai ta kawo masa ƙirgar lungun da muryarta kamar sauran, ko ta dawo baɗi. Mahaifinta kuwa, ɗan kasuwar Ƙofar Wambai, shekara huɗu ya amince mata, ba biyar ba.

A bakin lungun ta tarar da wani tsohon tela, Baba Ilu, yana lulluɓe kekensa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce wurin yana da masu shi. Wanda dole ta sa ya bi, sallama yake yi, ya sunkuyar da kai ya wuce.

"Amma ba a ƙirga su, 'yata," in ji shi a hankali. "Ke za ki so baƙo ya tsaya a ƙofar gidanku yana ƙirga ku?"

Ta yi masa godiya. Ta jira ya ɗauki butarsa ya sha kwana. Taku tamanin ne kawai, minti biyu bai cika ba. Ta danna maɓallin naɗa ta shiga, kuma saboda sabo, da kwanan wata da sunan unguwa ta buɗe baki. Sallama ba ta zo mata ba.

Lungun siriri ne, kafaɗunta na gogar bango. Ƙofar farko ta katako ce, ta sha ƙusoshi masu faɗin kai.

"Ɗaya," ta ce wa wayar.

A ƙofa ta biyu ƙarar janareton da ke biye da ita tun daga titi ta ɗauke. Ta ɗauka mai ne ya ƙare. A ta uku ta lura ba janareto kaɗai ba ne. Babu kukan akuya, babu hon ɗin babur, babu muryar mata a bayan katanga. Sai takalminta.

"Huɗu."

Wani ƙamshi ya taso, na turaren wuta da ya daɗe a rufe cikin adaka, a ƙarƙashinsa kuma warin jiƙaƙƙiyar laka. Wata uku rabon Kano da ruwa.

Ta duba wayar. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda take yana nan a bakin lungu, kusa da keken Baba Ilu. Bai motsa ba.

"Biyar. Shida."

Nan ya kamata ta ga ƙarshen lungu. Ba ta gani ba. Bangon ya ci gaba, kuma a jikinsa akwai wata ƙofa.

Wannan ta fi sauran sabunta. Haske mai shuɗi-shuɗi na fita ta ƙasanta.

"Bakwai," ta faɗa kafin ta yi tunani.

Daga ciki ake wata ƙara da ta sani sarai. Ƙas-ƙas-ƙas. Yatsu ne a kan maɓallan kwamfuta, da sauri, irin na wanda lokaci ya ƙure masa.

Ƙarar ta tsaya.

Wani ya matso jikin ƙofar. Ta ji numfashinsa ta tsagar katako. Muryar saurayi ce, a dishe, cike da ladabi.

"Malama, don Allah. Farfesa ya sa hannu?"

Ta ja da baya. Ta dafa bango don kada ta faɗi, hannunta ya nutse cikin laka mai sanyi.

Ta kalli inda ta dafa.

Ƙofa ce ake ginawa. Ba a sa mata ƙyaure ba tukuna. Ga shatin yatsu a jikin lakar, dogaye, ba a jima da shafa su ba. Tsawon ƙofar daidai tsawonta.

Lambar da ke biye ta hau kan harshenta da kanta. Ta ji leɓɓanta suna buɗewa.

Ta cije harshen har ta ji gishirin jini.

Duk ƙofofin da ke bayanta suka yi ƙara a tare, kamar an jingina da su daga ciki ana sauraro.

"Salamu alaikum," ta ce. "Ku yi haƙuri. Na daina."

Shiru.

Can nesa ƙwarai, kamar daga ƙasan rijiya, ladan ya ɗaga murya. Ta sunkuyar da kai ta bi sautin, tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Ba ta kalli ƙofa ko ɗaya ba. Wani abu ya riƙe gefen mayafinta. Ta sakar masa.

Ta faɗo titi a gaban Baba Ilu, har ya idar da sallar magariba yana dawowa. Ya dubi lakar hannunta, ya dubi kanta babu mayafi. Ya zuba mata ruwan butarsa yana addu'a ƙasa-ƙasa.

Ranar Alhamis da safe ta ajiye wayar a kan teburin Farfesa Maharazu, ba tare da ta mayar da lungun cikin taswirar ba. Ya saurara da bironsa a hannu. Muryarta na fita tar, daga ɗaya har shida. Da ta ce bakwai, ya ɗago.

"Mikail shida ya rubuta."

Sai ga ƙarar maɓallan. Daga nan naɗin ya zama huci kawai, amma Farfesa ya mayar da shi baya sau uku, ya kara kunnensa a jikin wayar.

"Me ya ce miki?"

"Ya tambaya ko ka sa hannu, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallon tagar ofis. Sannan ya jawo fom ɗinta ya sa hannu, bai duba shafi ko ɗaya ba. Ta miƙe za ta fita, ya ce ta dakata. Ya buɗe durowar ƙasa, ya tono wani fom da ya yi jawur don daɗewa, ya shimfiɗa shi a kan tebur. Ya sa masa hannu shi ma, ya linke shi biyu, ya sa a aljihun riga.

"Taso ki nuna mini bakin lungun," in ji shi.