Taikin Sukari da Kantu Biyu

Ranar kasuwar Buza aka kwance taikin sukarin Audu, sai ga shi rabi. Nan da nan kasuwa ta ɗauka, aka riƙe raƙumin Isaka wanda ya kawo kayan. Audu ya rantse sai an tura Isaka aikin hanya na Nasara, ga damina ta kawo kai, ba mai noma masa.

Bawa gardi, ɗan sandan Nasara, mutum ne mara zama wuri ɗaya, ya zaga raƙumin ya sake zagawa. Ya fara da Cima mai fura, wadda ta biyo Isaka da raƙuminsa tun daga Madawa.

"Kin ga kayan sun karkace?"

"Ko kaɗan. Daidai sunka zo."

Ya dubi hannuwanta, ƙwarya kawai ta riƙo, ya sallame ta. Isaka kuwa sai rantsuwa yake.

"Wallahi ban taɓa igiyar ba. Alƙasim yaɗ ɗaura."

Alƙasim ƙanen Audu ne, shi aka aika Madawa sayayya, ya rigo su isowa a kan doki. Ya tako yana gyara rawani.

"Ƙaƙa ka ɗaura su?" in ji Bawa.

"Dama, kantun gishiri ukku. Hagu, taiki cike maƙil da kantu guda. Ni ban ɗaurin banza, sai da sunka daidaita."

"Madalla."

Bawa ya sa aka ɗaure taɓarya da igiya a tsakiyarta, aka rataye ta a reshen gawo. Aka ɗaura mata kayan, har da taikin nan mai rabi, kamar yadda Alƙasim ya faɗa. Taɓarya ta yi lilo, ta tsaya cak, ba inda ta rinjaya. Ya cire kantu ɗaya a dama, ya cire ɗaya a hagu. Ba ta motsa ba.

"Ku duba. Abin da ka ɗebe nan, in ka ɗebe irinai can, daidai na nan. Saura taiki da kantu biyu, nauyinsu guda. Haka yat taso Madawa, da bakinka ka hwaɗi. Haka ya iso. Da an ɗebi rabi bisa hanya, da gishiri ya rinjaye shi. Rabi anka ɗaura, Alƙasim. Ina ka sai da saura?"

Audu ya zauna daɓas a kan gishirin, kunya ta rufe shi, ya ce:

"Gardi, a bar ta cikin gida."

Ran Bawa ya ɓaci. Ya miƙa wa Isaka akalar raƙuminsa, ya kama hannun Alƙasim.

"Shi ma Isaka yana da gida."