Kofin da Aka Saya wa Clarrie

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Raelene ta hango wani rufin kwano a gefen hanya, shi kaɗai a tsakiyar jar ƙasa. Tun safe take tuƙi. Zafi ya ishe ta, ga mahaifinta Clarrie a gefe yana tambayar inda za su, ta faɗa masa, ya manta, ya sake tambaya. Asibitin birni za ta kai shi a duba wannan mantuwar, kuma wata da watanni ta yi tana jiran a ba su rana. So take su shiga gari da sauran haske, don da duhu ya yi kangaru, manyan namun dajin nan masu tsalle, ke faɗowa kan titi.

"Tsaya nan," in ji tsohon. "Mashayar su Merv ce."

"Baba, ba mu da lokaci."

"To sai in yi a wando."

Ta taka birki da haushi. Mutumin da sunan jikokinsa ya ɓace masa, wai shi ne bai manta hanyar giya ba. Ko kallon banɗaki bai yi ba, ya tura ƙofar mashayar ya shige abinsa. Ta bi shi tana tsaki.

Ciki warin tsohuwar giya ne da gumin doki. Fanka na juyawa a sama, ƙiƙi, ƙiƙi, alhali Raelene ba ta ji ƙarar janareta ba. Maza ne jere a gaban dogon teburin sayar da giya, sun ba ƙofa baya, kowa ya ja hularsa ƙasa. Sai a lokacin ta tuna ba ta ga mota ko ɗaya a waje ba.

"Merv, ɗan banza, kana nan?" Clarrie ya daki kafaɗar wani. "Bluey! Har yau ba ka koyi wanka ba?"

Ta san waɗannan sunaye. Abokansa ne na zamanin da suke kora shanu a kan doki, kuma tana 'yar makaranta aka binne Merv. Ta ce a ranta ruɗewar tsufa ce, an samu wasu 'yan zaman banza suna biye masa.

Mai mashayar ya turo kofi cike gaban tsohon. "Bluey ya saya maka," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Ran Raelene ya ɓaci. Kowa ya san ƙa'ida: in an saya maka ka sha, ba ka fita sai ka saya wa kowa nasa. In aka fara wannan zagayen, asibiti sai dai wata shekarar.

"Baba, ajiye. Ba ka sha ba, ba ruwanka."

"Ba a mayar wa mutum kofinsa, Rae. Ba a yi."

"Don Allah tashi mu tafi!"

Ya ɗaga kofin zai kai baki. Haƙurinta ya ƙare. Ta fizge, ta kafa kai ta shanye, ta dire shi a kan teburin.

"Shi ke nan, an sha. Mu tafi."

Ba giya ba ce. Ruwa ne mai gishiri, mai sanyin ƙasan rijiya. Yashi ya cika mata haƙora.

Fanka ta tsaya.

Mazan suka juyo a hankali. Fuskokinsu a bushe kamar fatar da aka shanya. Leɓuna a tsage. Jan yashi na zuba daga bakin Merv.

Ƙurrr. Wani ya turo kofinsa, babu komai ciki. Ƙurrr. Wani ma. Duk gabanta suka tsaya.

"Layi ya zo kanki, yarinya," in ji mai mashayar.

Clarrie ya damƙi hannunta. Idonsa tar, kamar bai taɓa mantuwa ba.

"Kar ki amsa," ya raɗa mata. "Gudu."

Kujeru suka fara ja da baya. Ƙofa ta yi nauyi. Ta banke ta da kafaɗa, ta jawo tsohon, ta cusa shi a mota. Makulli ya ƙi shiga. Ya shiga.

A madubi ta gan su tsaye a bakin ƙofa, kowa riƙe da kofinsa, ba wanda ya biyo su.

Sun samu ganin likita, amma bai tsinana komai ba. Clarrie yana gidan kula da tsofaffi yanzu, shi kaɗai a bakin taga, ba ya gane kowa. Ita kuwa Raelene ƙishirwa ba ta sake barinta ba, ko tulu za ta shanye. Da zarar rana ta faɗi sai ta ji ana tura kofi a kan teburin kicin ɗinta.

Ran nan ta je duba shi. Ya daɗe yana kallon busassun leɓunanta, sannan ya girgiza kai.

"Yarinya, me ya kai ki?" ya ce. "Ni aka saya wa. Da kin bar ni na sha, da yanzu ina cikin abokaina."