Ranar da Goron Bawa Ya Ɓace

"Wayyo ni Bawa! An gama da ni! Tun da aka kafa Kaura Namoda ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yau ba!"

Abin da ya faru kuwa, goronsa ne ya ɓace.

Bawa tela ne mai son yabo. Kullum yakan ce wa ɗansa, "Ka ga bakin nan nawa mai zuba kamar ruwan Agusta? Goro ne sirrinsa."

Yau ya laluba aljihu, wayam. Kafin hantsi kai ya fara sara masa. Zare ya ƙi shiga allura. Ya yi wa keken ɗinki faɗa. Ya yi wa akuyar maƙwabta faɗa.

Sai ga kira daga makaranta, wai ya zo maza.

Ya iske ɗan nasa zaune a inuwa, jiki na rawa. Malamar ajinsu, Malama Sa'ida, tana ba shi ruwa.

"Mi ya same shi, Malama?"

"Shi muka zaɓa ya wakilci aji a muhawarar Alhamis. Yau a gwaji ya kasa cewa uffan. In haka ne, sai mu sa wani."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Baba, ni na ɗauki goron. Na cinye duka, don bakina ya zuba kamar naka."

"Duka? Har farin?"

Malama ta danne dariya. Ta ce, "Abin da ya yi wuce gona da iri ne. Ya ci fiye da ƙarfinsa, ya sha wuya. Amma jikinsa bai saba ba, gobe ba zai nema ba. Kamuwa daban ce. Ita ce jiki ya saba, har in babu abin sai ciwon kai da faɗa."

Bawa ya dafe goshi. "Allah ya raba mu da irin waɗannan mutane."

"Malam Bawa, ya na ga ka riƙe kai?"

"Hula nake gyarawa."

"Baba, hular tana hannunka."

Bawa ya dubi hannunsa, ya yi maza ya sa hular.

Malama ta ce, "Wanda ya kamu, sannu a hankali yake ragewa. In ya gagara, sai a nemi taimakon likita."

Ta yarda ta sake gwada yaron. Kullum da la'asar yana gwaji a shago, Bawa na gyara masa tsayuwa. Shi ma Bawa ya koma cin ɓarin goro ɗaya kawai.

Ranar Alhamis yaron ya miƙe, ba goro ba komai. Ya yi magana tiryan-tiryan. Ajinsu ya ci.

Yara, ƙoƙari ke kawo nasara, ba abin ci ko abin sha ba. Kuma a bar abu tun bai zama sabo ba.

A hanyar gida Bawa ya rage murya. "Yaro, kada ka faɗa wa uwarka. Duk wannan rigima, ni na jawo ta."