Ɗan Agwagwa Mai Ɗori

"Yanzu Batul rigata kika yaga saboda tsuntsu?"

Batul ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana durƙushe gaban wani kwali, ta tallabo ɗan agwagwa a tafin hannu, tana ɗaure masa karyayyar ƙafa da tsinken dabino da ƙyallen tsohuwar rigar mijinta. Ta ce rigar ai ta riga ta mutu. Sannan ta sunkuya ta ce wa tsuntsun, "Yi haƙuri ɗan lelena, saura kaɗan..."

Mijin nata Sadissou ya tsaya bakin ƙofa, siminti har cikin gashin ido. Wuni ya yi yana ɗora bulo a unguwar Sukra ta birnin Sabha, amma ko sannu da zuwa bai samu ba. Ga wani abu da bai kai dunƙulen hannu ba ana ta lallashinsa.

Tun da Batul ta haifi ɗansu na fari ba rai, a farkon sanyi, ta daina dariya. Sai ta wuni kwance a ɗakinsu ɗaya tilo a unguwar Jadid, fuska ga bango. Babu abin da Sadissou bai gwada ba. Ya sayo waya, ya sayo atamfa, ya kira mata uwarta a waya can garinsu Tasawa, ya karɓo rubutu. Sai ta ce an gode, ta koma ta kwanta.

Ana haka sai ga Nazirou da ɗan agwagwa. Ɗan garinsu ne, yana aiki a gonar wani Balarabe a bayan Sabha, kuma duk Tasawa an san shi ya fara neman Batul kafin Sadissou ya yi masa shigar sauri. Ya ce mai gona ya ce a jefar tunda ƙafarsa ta karye, shi kuma ya kasa. Ya miƙa daga bakin ƙofa ya tafi.

Ba a yi mako ba Batul ta yi dariya. Wannan dariyar ce ta tsaya wa Sadissou a maƙogwaro. Ya yi ta roƙon Allah ya sake jin ta, da ta zo kuma sai ta zo ta hannun wani ƙato.

Hidima kuwa ba a magana. Ƙwan da ya sayo don karin kumallonsa shi ake dafawa a murmushe cikin jiƙaƙƙiyar dusa. Ruwan sha a murfin kwalba, don kada ya faɗa ciki sanyi ya kama shi. In an ɗauke wuta sai ta cika gora da ruwan ɗumi, ta naɗe da ɗankwalinta ta ajiye masa. Shi ko maigida, in ya ce bayansa na ciwo, sai a nuna masa inda man zafi yake.

Ranar Juma'a bayan masallaci Nazirou ya zo da ledar dusa. Ya yi sallama, ya tsaya waje suna gaisawa da Sadissou, gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba. Jin muryarsa ke da wuya ɗan agwagwan ya fito daga kwali yana tsiwa. Ya ja ƙafarsa mai ɗori, ya wuce Batul, ya wuce Sadissou, ya je ya kwanta a kan takalmin Nazirou.

Sadissou ya ji kansa ya yi dum. Shi da yake kwana ɗaki ɗaya da tsuntsun nan, in ya miƙa hannu gudu yake yi. Ya juya ya dubi matarsa.

"Tsuntsu ba ya bin baƙo, Batul. Sau nawa yake shigowa in na tahi aiki?"

Ta miƙe a hankali. "Maigida... mi ka ce?"

Bai maimaita ba, bai kuma janye ba. Ya ɗauki kwalin ya dangwara wa Nazirou, ya ce ya kwashe kayansa. Batul ba ta yi kuka ba. Da kanta ta sa gorar ruwan ɗumin a ciki, ta gyara ɗaurin ƙafar. Bayan an rufe ƙofa ta ce ya nema mata motar Agadas, gida take so.

Ya ɗauka fushi ne zai wuce. Sai ya ga ta sauko da jaka. Ba ta yi masa rashin kunya ba, tana dafa abinci tana ajiyewa, amma idonta bai ƙara sauka a kansa ba. Tsoro ya kama Sadissou, tsoro na gaske, don ya san in ta ƙetare saharar nan da wannan maganar a ranta, ba za ta dawo ba.

Ya bar aiki ya hau tasi zuwa gonar. Shi kansa bai san ko faɗa ya je yi ko roƙo ba. Ya tarar da Nazirou yana ban ruwa, ɗan agwagwan na lafe a inuwa, ya ƙi cin komai tun da aka maido shi.

"Wallahi yaya ban taɓa taka ɗakinka ba," in ji Nazirou. "Inji ya ƙyanƙyashe su, ba su da uwa. Ni ya hwara gani da ya hito daga ƙwai, sai ya ɗauke ni uwa tai. Garin bina ne ma na taka shi."

Ya ƙara da cewa ya ji mata na faɗin Batul ba ta da lafiya, shi ya sa ya kai mata. Wannan ma sai da ta sosa wa Sadissou rai, don mutum ba ya warkewa daga kishi a rana ɗaya. Amma ya haɗiye. Ya ba da haƙuri a gajarce, ya cusa tsuntsun cikin rigarsa, ya juyo.

Ya same ta zaune kan jaka. Ya durƙusa ya fito da ɗan agwagwan, ya ce ya yi kuskure, ta yafe masa. Ta karɓa ta rungume, amma ba ta dube shi ba.

"Ni dai haushi na ji, rabin raina," ya ce. "Na yi duk abin da na iya. Mi tsuntsun ga ya ba ki wanda ni na kasa?"

Ta shafa bayan tsuntsun.

"Shi na riƙe shi a hannuna. Nawa ban riƙe ba... Kafin in farfaɗo kun kai shi kun rufe. Kai ka ɗauke shi, kai ka gan shi, kuma ko sau ɗaya ba ka hwaɗa mini kamanninsa ba."

Haka dattawan garinsu da ke Sabha suka ce wa Sadissou ran nan, a yi sauri kafin ta tashi, kada kuma a ƙara tada maganar. Ya bi, yana ganin tausayinta yake yi. Shi ma tun ranar bai gaya wa kowa abin da ya gani cikin farin ƙyallen ba.

Ya matso har gwiwarsa ta taɓa tata.

"Gashi gare shi, Batul, baƙi wuluk, a kwance. Hancinki ne sak. Yatsun kuma irin nawa, dogaye... Na sa masa ɗan yatsana a tafin hannu, na yi ta jira ya riƙe."

A nan kukan ya ƙwace masa. Batul ta ajiye ɗan agwagwan a cinyarta, ta jawo kan mijinta ta ɗora a kafaɗarta, nata hawayen na zuba cikin gashinsa.

"Ci gaba," ta ce. "Kunnuwan fa, na wa ya ɗauko?"