Ƙuri'ar da Aka Faɗa a Gaban Suruki

Keziah na juya wainar masara a kan wuta, amma hankalinta na kan mijinta Lemuel, wanda ya ɗaure takalmi ɗaya ya zauna yana kallon ɗayan.

"Takalmin ne ya yi maka laifi, ko zaɓen kake tsoro?" ta tambaye shi.

"Babanki nake tsoro."

Ta yi dariya, sai dai dariyar ba ta kai ciki ba. Yau ce ranar zaɓen wakilin gundumarsu a majalisar jihar Virginia, kuma mahaifinta, Kanar Absalom Tarver, yana takara da wani malamin makaranta, Mista Crenshaw. Kanar ya sha alwashin in ya je Richmond, inda majalisar take, sai ya kawo dokar korar 'yantattun bayi daga jihar. Ga kuma Inna Dinah, tsohuwar baiwar da ta goyi Lemuel, wadda ya 'yanta ranar da ya gaje ta, tana zaune a ɗan gidanta bayan gonar tabarsu.

"Ka ce ba ka da lafiya mana," in ji Keziah a hankali. "Ka kwanta, ni zan shaide ka."

"Kezi, in na kwanta yau, gobe da wane ido zan gaida Inna? Tun makon jiya na je na gaya wa Kanar ba zan zaɓe shi ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce zai gani."

Ya kuwa gani. A harabar kotu aka kafa tebur, 'yan takara biyu na zaune a bayansa, kowane mai gona ya zo ya faɗi sunan gwaninsa da ƙarfi, wanda aka zaɓa ya miƙe ya yi godiya. Keziah na cikin keken doki tare da mata, tunda mace ba ta da ƙuri'a, sai dai kallo. Aka kira Lemuel Hatchett. Ya cire hula, ya rusuna wa surukinsa, sannan ya ce, "Mista Crenshaw."

Kanar bai ɗaga murya ba, yatsa kawai ya nuna masa. "Daga yau kada ƙafarka ta taka gidana. Har ita matar taka."

Kanar ya faɗi zaɓen da ƙuri'a goma sha ɗaya. Keziah ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta yi kwana biyu ba ta ce wa Lemuel uffan ba, don ita kaɗai ce 'yar tsohon, kuma tana son sa da duk rigimarsa. A rana ta uku ta ajiye wa mijin abinci ta ce, "Ban ce ka yi laifi ba. Amma uba ɗaya gare ni, kuma ba zan bar shi ba."

Daga nan duk Lahadi bayan coci sai ta je ƙofar mahaifinta ta ƙwanƙwasa, a ce mata Kanar na barci. Barcin nan sai da ya ɗauki wata huɗu. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa aika magana mai zafi ba.

Wata Lahadi, lokacin yankan taba, sai ga shi da kansa ya buɗe ƙofa. Ya rame.

"Ina mai taurin kan?"

"Yana bakin hanya riƙe da doki, Baba. Duk mako can yake tsayawa."

Tsohon ya leƙa, ya daɗe yana kallo. "Mutum nawa suka ci gasasshen namana, suka sha giyata, suka rantse suna tare da ni, da aka zo tebur suka juya. Shi ko loma bai ci ba, ya zo har gida ya gaya mini gaskiya." Ya gyara murya. "Ra'ayina dai yana nan, kada ku ɗauka na sauya."

"Mun sani, Baba."

"To je ki ce ya shigo, rana ta yi masa yawa. Siyasar ya ɗaure ta a waje tare da dokin."

Keziah ta gangara da gudu tana kuka tana dariya. Da ta yi fushi ta daina zuwa, da ta rasa uba. Da ta tilasta wa miji ƙarya, da ta rasa mutumin da take girmamawa. Haƙuri da gaskiya suka bar mata duka biyun.