Zogalen da Aka Hana Ruwa

Ranar da Saliha ta fara ganin Mu'azu, saura kaɗan su yi faɗa. Ta sauka daga acaɓa a bakin lambunsa na Kutemeshi, ta yi sallama, ko gajiya ba ta sauke ba ta ce, "Malam, so nake ka hana rabin zogalenka ruwa."

Ya ajiye tiyo ya dube ta. "Baiwar Allah, me zogalen ya yi miki?"

Ta yi dariya, wushiryarta ta fito, shi kuwa daga nan rabin bayanin kawai ya ji. Ɗaliba ce mai karatun kimiyyar abinci a Zariya, tana aikin kammala karatu. Ta ce idan shuka ta ji ƙishi, takan ƙara haɗa wasu sinadarai a ganyenta don kare kanta, kuma ana sa ran su amfani jikin mutum. So take ta auna ganyen, in abin ya tabbata ta haɗa garin kunu mai ƙara lafiya.

Ya yarda. Gaskiya ko cewa ta yi ya tuge lambun duka, da wuya ya musa.

Fangali takwas ya ware, ruwa sai bayan kwana goma. Kullum sai ya tura mata hoto da saƙo: "Likitar ganye, marasa lafiyarki sun yi yaushi. Ni ma haka. Yaushe za ki zo?"

Ta amsa: "Su ka bar su sai Laraba. Kai kuma ka sha ruwa, Manomina."

Da maganar aure ta taso, Abdulfattah, maƙwabcin su Saliha da ya daɗe yana sonta, ya ɗauko mahaifinta Malam Bature daga Tsohon Birnin Gwari a kan babur. Ya zaɓi ranar da Mu'azu ya tafi kasuwa, ya nuna masa fangulan takwas kaɗai.

Malam Bature ya dawo ransa a ɓace, ya sami Saliha. "Ga ruwa kwance a fadama, ga shuka tana yaushi! Wanda bai tausaya wa ganye ba, ba zan ba shi 'yata ba."

"Baba, ni na sa shi."

"Rufa masa asiri kike yi. Sai na ga lambun nan ya yi kore."

Saliha ta yi kuka har ta gaji, sannan ta rubuta: "Ka shayar da su, Manomina. Na haƙura da aikin, kai ne ba zan iya haƙura da kai ba."

"A'a, Likitata. Saura sati biyu. Wahalarki ta shekara ba za ta tafi a banza ba."

Washegari Mu'azu ya je ya durƙusa gaban Malam Bature, ya roƙe shi ya sake zuwa. Da tsohon ya zo, Mu'azu ya zagaya da shi lambun duka, ya nuna masa sauran fangulan kore shar, sannan ya tsinko masa ganye daga kowane ɓangare.

Tsohon ya tauna na farko, ya tauna na biyu, ya yamutsa fuska. "Wannan ya fi ƙarfi. Ai barkonon tudu ma ya fi na fadama yaji, tun ina yaro na sani." Sai ya ce, "Ka san aurenka na rataye a kan ruwan nan, kuma ka ƙi zubawa?"

"Baba, amana ta ba ni."

Malam Bature ya ce, "To, ga wata amanar. Na ba ka ita. Amma gwajin ƙishin nan ya tsaya a lambu, ka ji ko?"

Awon ya fito yadda Saliha ta yi fata. Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, kuma duk wanda ya ga bakin ango ranar ya san ba zai rufu ba. Da za a tafi da amarya, Malam Bature ya dafa kanta, ya ce, "Na gwada shi, Saliha, ba ya sakin abin da aka damƙa masa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Gidan duka ya amsa da amin.